Ambulan Na Hamsin Da Takwas

Asibitin yana da ɗakin tiyata biyu, amma ɗaya ne ke aiki. Ɗayan an kulle shi tun shekarar da rufinsa ya fara yoyo, ya koma ma'ajiyar karyayyun gadaje da ba wanda ya yarda ya sa hannu a zubar. A barandar da ke tsakaninsu akwai teburin ƙarfe mai aljihu ɗaya. Wata goma sha tara ke nan makullin aljihun yana rataye a wuyan Sista, a igiya ɗaya da makullin gidanta.

Ba wani abin arziki ba ne a ciki. Ambulan ne na wasiƙa, ruwan ƙasa, an fara da guda ɗari, kowanne da lamba a bayansa. A cikin kowanne akwai 'yar takarda mai kalma ɗaya, ko TSAYE ko KWANCE.

Gardama ce ta haife su. Idan aka cire wa mace mahaifa ta ƙasa, ba tare da an tsaga ciki ba, akwai bakin da yake saura can ƙuryar farji wanda dole a ɗinke. Likita, wadda ta yi shekara talatin tana wannan aiki, a kwance take ɗinkewa, don haka aka koya mata. Sai ga sababbin likitoci sun zo da nasu karatun, suna cewa a tsaye ya fi, wai ya fi bar wa mace zurfinta. Kullum a wurin shan shayi maganar ke nan. Rannan Likita ta gaji, ta cire tabarau ta ce, "Ni ban sani ba. Ku ma ba ku sani ba, bakinku ne kawai ya fi nawa kaifi. Mu auna."

Aka tsara abin. Mace ɗari, duk wadda ta yarda ta sa hannu. A auna ta kafin aiki da wata 'yar sandar roba mai zanen santimita, a sake auna ta bayan mako shida. Irin ɗinkin da za a yi mata kuwa ba zaɓin kowa ba ne: wadda ta shiga ɗakin tiyata ita ke da ambulan na gaba a jeri, kuma ba a buɗewa sai mahaifa ta fito. Wadda ba ta yarda ba, a yi mata a kwance yadda aka saba. Masu kaifin bakin da suka ta da maganar kuwa, kafin shekara ta zagayo duk sun sami inda ya fi sun tattara, suka bar tsohuwa da Sista da ambulan.

A ƙa'ida mutum uku ya kamata su raba aikin, mai riƙe makulli daban, mai awo daban, mai rubutu daban. Asibitin ba shi da mutum uku na banza, saboda haka Sista ce duka ukun. Hamsin na farko an naɗe takardunsu cikin baƙar takardar kwafi don kada rubutun ya nuna ta waje. Da aka zo kan sauran hamsin baƙar takarda ta ƙare, aka aika sito, aka ce sai wata mai kamawa. Likita ta ce a liƙe su haka nan. "Wa zai leƙa? A hannun Sista suke."

A wata akan sami mace uku. Likita ta lissafa ta ga in ba a sami tsaiko ba, ambulan na ɗari zai buɗu a watan da za ta ajiye aiki, babu rarar ko mako guda. Ta hana a tara lambobin kafin nan, Sista kuma ba ta tara ba. Amma ita ke rubuta su da hannunta a babban littafi, kuma ba makauniya ba ce. Tana ganin kamar masu tsaye sukan rasa santimita ɗaya, masu kwance biyu. Akwai waɗanda suka saɓa, ba su da yawa. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ta, kuma a yawancin ranaku ƙafafunta sun fi damunta da ciwo fiye da santimita.

Sai aka kwantar da Yaya.

Yaya ta girmi Sista da shekara goma sha huɗu, ita ta goya ta bayan rasuwar uwarsu, kuma har yau ba ta daina duba mata wuyan riga ba. Haihuwa biyar ta sa mahaifarta ta zazzago. Shekara uku tana ɓoyewa, tana tura abin da hannu tana ci gaba da hidimar gida, sai da tsayuwar wanke-wanke ta gagare ta sannan ta faɗa. Irin matan nan ne da za su gyara wa unguwa guda zama amma ba za su ce kansu yana ciwo ba. Da aka kawo mata takardar amincewa ko karantawa ba ta bari an gama ba. "Aikin ƙanwata ne," in ji ta, ta sa hannu da girman kai kamar mai buɗe sabon gini.

Ana gobe aiki, da la'asar, Sista ta shiga ɗakin mata ta tarar da Yaya zaune a ƙasa kan bargo, matar gado na tara tana yi mata kitso. Mai kitso ce dama, sana'arta ke nan, shekarunta talatin da bakwai, ƙari a mahaifa ya sa ta zubar da jini har tafin hannunta ya yi fari. Ita ce ta biyu a jerin gobe. Ta ce hannunta ba ya iya zama haka nan in tana jin tsoro, don haka tun safe ta bi matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya tana kama musu kai, wai don hular tiyata ta zauna daidai.

Da ta tafi wanke hannu, Yaya ta ce, "Auta, zo nan. Ja labulen."

Sista ta ja.

"Ba abin da zan tambayi Likita ba ne." Yaya tana kallon farcenta. "Bayan an cire ɗin nan, an ɗinke. Baban yara zai tarar da ni yadda ya san ni?"

Shekarar Sista arba'in da uku a duniya, ba ta taɓa jin Yaya ta kusanci irin wannan magana ba. Kunya ta kama ta kamar ita ce ta yi tambayar. Ta ce, "Ba komai, Yaya. Lafiya lau za ki warke."

"Wannan amsar da kike ba mutane ce. Ni ki ba ni ta gida."

"Akan ɗan ragu. Kaɗan."

"Kaɗan nawa?" Ba ta jira amsa ba. "Shekara uku ina juya masa baya, Auta, bai taɓa cewa uffan ba. Da faɗa ya yi da na sami abin riƙewa. Shirun nan ne yake cina."

Sista ta sami Likita a ofis, ta ɗora ƙafafunta da suka kumbura a kan kwali, tana shan shayin da ya huce tun azahar.

"Likita, gobe Yayata ce ta farko."

"Na gani. Kwantar da hankalinki, na yi irinsa ya fi a ƙirga."

"Ba aikin nake ji ba. Ɗinkin ne. Da za a yi mata a tsaye kawai, a bar ambulan."

Likita ta dube ta ta saman tabarau. "Kin tara lambobin?"

"Ban tara ba."

"To me kika sani wanda ban sani ba?"

Likita ta ajiye kofin shayin.

"Ji nan, Sista. Ranar da na tabbata ɗaya ya fi, a ranar zan ƙona sauran ambulan ɗin, don daga nan zalunci ne in buɗe wa kowa. Ban tabbata ba tukuna. In Yayarki ba ta so, ta janye, ba mai ganin laifinta, in yi mata a kwance wanda hannuna ya fi sani. In tana so, ta bi layi kamar 'yar kowa."

Magana ce ta gaskiya, kuma Sista ta ji haushinta matuƙa, don gaskiyar ba ta bar mata ƙofa ko ɗaya ba.

Washegari ƙarfe bakwai ta riga kowa isowa, kamar kullum. A bangon barandar akwai akwatin fitilar da ake manna hoton ƙashi a duba, rabin ƙwayayensa sun mutu amma rabin yana ci. Ta buɗe aljihun teburin don ta fitar da ambulan biyu na ranar, abin da take yi duk ranar aiki. Ta tsaya da su a hannu. Duk mai shirin yin abin da bai kamata ba yakan fara ne da gaya wa kansa cewa dubawa kawai zai yi, ita ma haka ta gaya wa kanta. Ta kunna fitilar, ta manna na hamsin da takwas.

Likita tana danna alƙalami in tana rubutu kamar mai jin haushin takarda. Kalmar ta fito sarai, KWANCE. Sista ta manna na hamsin da tara. TSAYE.

Ba ta buɗe ambulan ɗin ba, ba ta ma iya, don Likita ta sa hannu a kan bakin kowanne. Allon jerin sunaye ta nufa, ta ɗauki tsumma ta goge layi biyu, ta sake rubuta su. Gado na tara ya hau sama, Yaya ta sauko ta biyu. Abin bai ci minti ɗaya ba.

Mai allurar barci ya iso yana hamma, ya tsaya gaban allon. "Yaya aka yi aka juya?"

"Jinin Yayata ya ɗan hau da safen nan. A bari ta huce."

Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Jinin ya ɗan hau, kamar na duk wanda aka hana karyawa aka ce masa yau za a yanka shi. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya wuce, shi dai burinsa a gama da wuri.

Sista da kanta ta je ɗauko mai kitso. Matar ta zaro ido. "Ni ce farko?"

"Ke ce."

Sista ta tura gadonta zuwa ɗakin tiyata. Da za a yi mata allurar baya Sista ta riƙe mata hannu biyu, ta ce ta sunkuya ta kalli gwiwarta, ta yi ta yi mata hirar kitso har ƙafafun suka mutu.

Aikin ya tafi yadda ya kamata. Likita tana zaune kan 'yar kujera tsakanin ƙafafun da aka rataye, tana aiki a wurin da bai fi faɗin tafin hannu ba, tana ɗaure jijiya tana yankewa, ba ta magana sai in za ta nemi abu. Bayan awa guda mahaifar ta fito, aka sa a kwano.

"Ambulan," in ji Likita.

Sista ta yage shi. "Hamsin da takwas. Kwance." Muryarta ta fito daidai yadda take fitowa kullum, wannan kuma ya fi komai ba ta tsoro.

Likita ta karɓi lanƙwasasshiyar allura da zaren da ke narkewa da kansa. Ta fara kama kusurwa biyu ta haɗa su da jijiyoyin da ke riƙe wurin, don kada ya sauko nan gaba. Sannan ta haɗa gefen sama da na ƙasa, ɗinki bayan ɗinki, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Aiki ne mai tsabta, ba ɗigon jini. Ba wanda zai duba shi ya ce an cuci kowa.

Da aka shigo da Yaya, Sista ta fita, don ba a barin mutum ya tsaya kan aikin ɗan'uwansa. Ta jira a baranda kan teburin ƙarfe har aka ƙwanƙwasa gilashin ƙofa, ta tura kai ciki ta karanta. "Hamsin da tara. Tsaye."

Likita ta ɗago, idanunta suna murmushi a saman takunkumi. "Kin gani? Allah ya ba ki abin da kike so ba sai kin roƙe ni ba." Ta juya ta janyo gefen hagu da na dama suka haɗu a tsakiya.

Mako shida suka wuce kamar yadda makonnin asibiti suke wucewa, ba a tuna ɗaya daban da ɗaya. Aka buɗe ambulan huɗu a cikinsu. Sista ba ta sake kusantar akwatin fitilar ba, har takan juya masa baya in za ta buɗe aljihun.

Ranar awo Yaya ta shigo da saurinta na da, tana mitar ƙurar da ke kan taga. Ɗinki ya kama, zare ya narke, ba ƙaiƙayi ba wari. Sista ta sa safar hannu ta auna. Da tara ne, yanzu bakwai da rabi. Ɗaya da rabi ta rasa, lambar da ta tsaya a tsakiya ba ta goyi bayan kowa ba.

"Nawa?" in ji Yaya.

"Lafiya lau."

"Ta gida ko ta mutane?"

"Ta gida," in ji Sista, ita kanta ba ta san wacce ba ce. Yaya ta ce za ta jira ta a benci su tafi tare.

Mai kitso ce ta huɗu bayanta. Jini ya dawo mata a fuska, har ta yi 'yar ƙiba. Sista ta duba littafi, a da takwas da rabi ne. Ta auna, shida. Ta cire sandar ta sake sawa, shida. A karo na uku ta ɗan danna har matar ta ja numfashi ta haƙora, sandar ba ta ƙara komai ba.

Sista ta san abin zai iya zama ɗinkin, zai iya zama yadda naman ya warke, zai iya zama abin da ƙarin ya tilasta aka yanke. Akwai mai tsaye guda a littafin nan da ta rasa kusan haka. Ba mai iya cewa ga dalili. Don a iya cewa ɗin ne ma aka yi ambulan tun farko.

Matar tana ɗaura zane a bayan labule ta ce, "Sista, in tambaye ki, kada ki yi mini dariya. Shekara biyu da aurenmu, rabinta a cikin jini na yi ta. Yanzu in na koma, zai same ni daidai?"

"Ba komai," in ji Sista. "Ki bi a hankali. In kin ji zafi ki dawo."

Amsar mutane ce, matar kuma ta karɓa da hannu biyu, don ba ta san akwai wata ba. Ta buɗe jakarta ta fito da lemo huɗu ta jera a kan tebur kusa da littafin.

"Ba yawa, ki yi haƙuri. Ban manta ba, ranar nan ke kika sa ni farko. Da na zauna har azahar ina jin ana tura wata, wallahi da na gudu. Na ce wa maigidana, Sistar nan 'yar'uwarta ta bari tana jira saboda ni. Ya ce in gaishe ki da kyau."

Akwai mata goma sha ɗaya a layi. Sista ta gama da su duka, ta wanke sandar, ta cire safar ta zubar. Sannan ta ɗauki littafin ta nufi ofis. Ba jarumta ce ta kai ta ba, gajiya ce. Ta ga ba za ta iya ƙara ɗaukar wannan a kan abin da take ɗauke da shi ba.

Likita ta saurare ta har ƙarshe ba ta sauke ƙafa daga kan kwali ba. Daga baya ta jawo littafin, ta ɗauki rula, ta ja layi a kan hamsin da takwas da hamsin da tara. Ta tsaya. Ta kai yatsa sama zuwa hamsin da ɗaya, ta sauko da shi a hankali har sittin da uku.

"Waɗannan ma ba su da baƙar takarda."

"Biyu kawai na haska, Likita."

"Na yarda. Ni na san ki." Ta murza idanunta. "Amma in na zo rubutawa dole in rubuta cewa mai makullin ta haska biyu. Duk wanda ya karanta zai ce ta yaya na san biyu ne. Ba ni da abin da zan ce masa."

Ta ɗora rular ta ja layi, ta ja, ta ja, har sau goma sha ɗaya. Mata goma sha uku suka fita daga lissafi, aikin wata huɗu da ɗoriya. Dukansu biyu sun san watan da Likita za ta ajiye aiki, ba wanda ya ambata.

Likita ta miƙo tafin hannu. Sista ta ciro igiyar daga wuyanta. Ƙullin ya daɗe, ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori kafin ta raba makullin aljihun da na gidanta.

"Ita mai kitson, nawa?"

"Shida. Daga takwas da rabi."

"Ki kira ta ta dawo. Ki gaya mata abin da kika gaya mini. Ta sa hannu ne a kan sa'a za ta zaɓa mata, ba ke ba. Jikinta ne."

Sista ta koma ɗakin awo. Yaya ta gaji da benci ta shigo ta zauna kan kujerar marasa lafiya, ta riga ta ɓare lemo ɗaya, ta tara ɓawon a gefen tebur tsaf.

"Kin daɗe," in ji ta. "Zaƙi gare shi kuwa. Wa ya kawo?"

"Wadda ta yi miki kitso."

"Allah ya yi mata albarka, yarinyar kirki." Ta miƙo mata ɓari. "Ci mana, Auta. Ai ke aka kawo wa."

Sista ta karɓa ta ajiye kan littafin. Ta jawo katin gado na tara, ta fara neman lambar waya.